Fitilar da Malam Rilwanu Ya Liƙe

Shekara goma sha huɗu Malam Rilwanu yana garin McLeansville na Amurka, kuma duk Bahaushen da motarsa ta yi tari shi yake kira, don a garejin mahaifinsa a Zariya ya taso. Sai Ma'aruf, ƙanin matarsa, ya sayi mota irin tasa sak. Ta Ma'aruf tana yin mil talatin da galan ɗaya, tasa ashirin da biyu. Abin ya tsaya masa a maƙogwaro.

"Yaya, fitilar gargaɗin injin nan da ka liƙe da salatif," in ji Ma'aruf bayan Juma'a, "na'urar auna hayaƙi ce ta mutu, shi ya sa take shan mai."

"Kai da ko taya ba ka iya canzawa?"

Aka yi dariya, amma Ma'aruf aka bi da tambayoyi.

Ran Laraba Malam Rilwanu ya lallaɓa wani gareji a titin Gate City Boulevard inda ba a san shi ba. Makanikin, wani ɗan Jos, ya duba.

"Sensa ce, Baba, na'urar auna hayaƙi. Ma'aruf ne ya turo ka? Kai ne na huɗu a watan nan."