Ruwan labo ya tona ni kan ganyen sabara

Jama'a, ni ke da laifi, kuma ruwan kwalba ne ya tona ni yau!

Kun san Rakiya, ɗiyar yayata mai karatu a Maraɗi. Ta tsinki ganyen sabara nan Korgom don binciken makarantarsu, ta tafi da rabi, ta ce in shanya sauran a inuwa. Na ga inuwa ɓata lokaci ce, na baza shi bisa kwanon rufin ɗaki kamar kuɓewa. Da na aika, na ce mata na inuwa ne.

Ɗazu ta kira ni da bidiyo daga labo, ɗakin gwaje-gwajensu, ta ɗaga kwalabe biyu. Ta ce ruwan awon shunayya ne, ganye mai ƙarfin kare jiki ke mai da shi ruwan ɗorawa. Wanda ta shanya ya juya sarai. Nawa da ƙyar ya dushe.

"Mushe, malaminmu, ya ce ni na ɓata awon, ba ni da jarrabawar ƙarshe bana. Kawu, ina ka shanya shi?"

Na ce, "A rana, Rakiya. Ƙarya na yi maki. Ki yafe mani, ki ba mushen wayar in faɗa mashi da bakina."