Aulis Nikkanen, Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, Marjatta ta kira ni a waya ta ce mijinta Aulis Nikkanen ya cika. Yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidan wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ya ce kansa na juyawa, ya zauna a kan matakala, bai sake tashi ba. Shekararsa saba'in da bakwai. Daga Allah muka fito, kuma duk daɗewar zamanmu gare shi za mu koma.

Aulis, mako uku ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Na so in rubuta maka abin da ya yi kama da kai, gajeriyar magana mai sanyi. Na kasa. Raina a ɓace yake, kuma ba mutuwa ce ta ɓata shi ba, don ita ba ta yi maka ƙarya ba. Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu Raudankoski, wadda ka yi wa bauta shekara sittin, layi uku ta ba ka a sanarwarta. Ta ce tsohon ɗan wasanta kuma mai gyaran kaifin ƙarfen takalman gudu a kan ƙanƙara ya rasu. A ƙasan wannan sanarwa, da manyan baƙaƙe, ta gayyaci jama'a bikin ranar sha uku ga Disamba, inda za a ɗaga riga mai lamba huɗu zuwa rufin fili, a daina bai wa kowa lambar har abada, don girmama shugaban ƙungiya Torsti Vainikka, wai shi ne ya ci ƙwallon da ta fi kowace girma a tarihin garin nan. Ba shi ya ci ba, kai ka ci. Ni Sirkka Pöllänen, telar ƙungiyar tun ina 'yar shekara sha tara, na fi kowa sanin haka, domin da hannuna aka yi ɓarnar.

Kafin in zo nan, bari in faɗi wanda aka rasa. Shekara arba'in da ɗaya ka yi a masana'antar takarda. Kowane hunturu, da sanyi ya kama, kai ne kake jan tiyo zuwa filin bayan makaranta kana zuba ruwa sannu a hankali har ya daskare sumul, don yaran unguwa su sami wurin wasa. Babu wanda ya sa ka. Babu takalmin ƙanƙara a garin nan da bai bi ta hannunka ba, kuma kana duban tafiyar mutum ka san irin kaifin da zai yi masa. Shekarar da mijina ya rasu ban taɓa riƙe shebur ba. Ina buɗe ƙofa da safe nakan tarar an share mini hanya har bakin titi, wani lokacin da kifi naɗe a jarida a kan matakala. Da na tare ka da godiya, sai ka ce, "Ƙanwata, kifin ne ya yi mana yawa, Marjatta ta ce ko in rabar ko in kwana da shi a waje." Iyakar jawabinka ke nan.

Yaran yanzu sun san gasar zakarun ƙasashe a talabijin, da filaye masu rufi da ɗumi, da 'yan wasa masu tafiya a jirgin sama. A zamaninmu ba haka take ba. Zakaran kowace ƙasa ake jefawa a ƙuri'a, ku je garinsu, su zo garinku. Gasar ta mutu sau biyu an tashe ta, ta sauya suna har na daina bi. Mu sau ɗaya tak muka shige ta, shekara hamsin da suka wuce, kuma ƙuri'a ta haɗa mu da wata ƙungiyar sojoji daga gabas, mutanen da ba su da aiki sai hoki. Namu kuwa ma'aikatan takarda ne da direban bas ɗaya. Kwana biyu kuka yi a jirgin ƙasa da baƙin burodi a jaka, kuka yi uku da uku da su a gidansu, duniya ta yi mamaki. Saura wasan gida, wanda ya ci shi ya wuce.

Ana jibi wasan wata takarda ta zo daga ofishin gasar cewa lambobin bayan rigunanmu sun yi ƙanana, sai an sauya. Riga ashirin, ni kaɗai. Na ɗinke sha tara da zare mai kauri, zaren ya ƙare a kan taka, mai lamba goma sha huɗu. Huɗun ta sami zaren, lambar ɗaya kuma na kama ta da siririn zaren da ake ɗinkin labule. Na ce a raina wasa ɗaya ne, zai riƙe.

Ranar filinmu ba rufi, dusar ƙanƙara tana zuba, mutum dubu huɗu a tsaye suna buga ƙafa don sanyi. Ana ɗaya da ɗaya, saura minti takwas a tashi, Torsti mai lamba huɗu ya sari wani baƙo da sanda a gaban alƙalin wasa. Aka kora shi minti biyu zuwa bencin hukunci, wanda mu a nan muke kira wurin hucewa. Kuka rage ku biyar har da mai tsaron gida, su kuma shida. Ba a yi minti ɗaya ba ka ƙwace faifan robar nan da ke zaman ƙwallo a tsakiyar fili. Wani ya maƙalo bayan rigarka da sanda, ina kallo ɗayan nan nawa ya yage ya faɗi a ƙanƙara. Ba ka tsaya ba. Ka wuce mutum biyu ka buga, raga ta motsa. Marubucin wasa baƙo ne, dokar gasa ta ce sai baƙo, bai san fuskar kowa ba. Ya hangi bayanka ya rubuta huɗu. Mai sharhi a rediyo ma daga cikin ɗakinsa na gilashi abin da ya gani ke nan, ya yi ta kwarmata sunan Torsti har ƙasa duka ta ji.

Bayan an tashi ka same ni a lungun da nake tara riguna ina kuka. Ka cire rigar ka naɗe ka tura mini cikin jaka.

"Ƙanwata, ɓoye wannan. Dokarsu ta ce kowa ya yi wasa da lambar da aka rubuta masa. In baƙin nan suka ji an yi huɗu biyu a fili, ƙara za su kai a soke wasan."

Na ce, "Yaya Aulis, amma ai kai ka ci!"

Ka ce, "Garin ne ya ci. Share idonki, ki yi mini alkawari ba za ki faɗa ba."

Na yi. Koci ya tara sauran 'yan wasa ya sa su ma suka yi. Sai da na girma na gane ba wasan kaɗai ka tsare ba. Da an soke shi saboda zaren labule, da ban iya zama a Raudankoski ba, kuma ka san haka tun a lungun nan.

Shirun farko yana da dalili, ban ga laifin kowa a kansa ba. Abin da ya biyo baya ne ba zan yafe ba. Aka fitar da mu a zagaye na gaba, lokacin ƙara ya wuce, babu sauran abin tsoro. Da Torsti mutum ne, a wannan bazarar zai tashi ya ce ga mai abu. Bai tashi ba. Da farko in an tambaye shi sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, mutane suna cewa kunya ce. Bayan shekara biyar ya fara ba da labarin. Bayan goma ya ƙara gishiri, mutum biyu suka zama uku, har da yadda ya ji sandar tana rawa a hannunsa. Da wannan labarin ya shiga majalisar gari, da shi ya zama shugaban ƙungiya. Na taɓa ji da kunnena yana koya wa 'yan makaranta yadda ya karkata kafaɗa ya yaudari mai tsaron gida, kai kuma kana ɗaki na kusa kana gyara musu takalma.

Ranar na shigo maka a fusace na ce ka sake ni daga alkawarin. Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, "Bar shi, ƙanwata. Ni ina da Marjatta da jikoki shida. Shi me yake da shi ban da minti ɗaya, shi ma na aro?" Ka yi dariya, ni ban yi ba.

Kuma kada mutanen garin nan su ce ba su sani ba. Kwafin takardar wasan yana rataye cikin gilashi a mashigar fili shekara talatin. A layi ɗaya an rubuta an kori lamba huɗu a minti na hamsin da biyu da daƙiƙa goma, na tsawon minti biyu. A layin da ke ƙasa an rubuta lamba huɗu ya ci a minti na hamsin da uku. Duk wanda ya taɓa kallon hoki sau ɗaya ya san ba a cin ƙwallo daga kan benci. Dubban mutane sun tsaya gaban gilashin nan sun ɗauki hoto, ba wanda ya haɗa layi biyu. Waɗanda suka haɗa kuwa suna son kujera mai kyau a fili.

Kwana biyu da rasuwarka na ɗauki hoton takardar na aika wa ofishin gasar, domin suna haɗa littafin tarihinta kuma wakilinsu zai zo bikin. Amsa ta zo cikin ladabi mai ban haushi. Sun yi mini ta'aziyya, sun gode da sha'awar da nake nuna wa tarihin gasa, sannan sun ce a dokarsu ba a gyara takardar wasa bayan kwana biyu da bugawa. Ofishin da ya sauya sunan gasar da kofinta da yawan ƙungiyoyinta yadda ya ga dama, shi ne ba ya iya ƙara ɗan layi ɗaya a gaban huɗu.

A makon ne Torsti ya zo gidana da kansa ɗauke da yadi, wai in ɗinka babbar rigar da za a ɗaga.

"Sirkka, ke kika ɗinka ta farko, ke ya kamata ki ɗinka ta ƙarshe. A yi huɗun ta fito raɗau."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta farkon tana nan cikin akwatina, har yanzu da ragowar zare inda ɗaya ya fita. In ɗauko maka?"

Ya sha mur. Ya ce, "Haba Sirkka, mutumin nan ko binne shi ba a yi ba. Shi da kansa bai taɓa ƙorafi ba, ke mene ne naki?"

"Nawa shi ne ni na yi kuskuren, kai ka ci riba."

Ya ajiye yadin a kan tebur ya fita, ko kofin da na zuba masa bai taɓa ba. Washegari na mayar masa da shi ofis yadda ya zo.

An yi jana'izarka ranar Asabar, ashirin da tara ga wata. A al'ada mutum shida ke ɗaukar akwatin gawa daga coci, kuma daga cikin 'yan wasan wancan lokaci mutum shida ne cif suka rage, har da Torsti. Ya zo da baƙar kwat da tambarin ƙungiya a ƙirji, ya nufi gaba ta dama, wurin babban aboki. Marjatta, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba a shekara hamsin, ta tashi daga kujerarta ta dafa hannunsa.

Ta ce, "Torsti, koma ka zauna ka huce. Su biyar za su ɗauke shi, ya saba."

Tsofaffi biyar suka kalli juna, suka kama igiyoyin ɗaukar akwatin. Akwatin ya ɗan karkata ta gefen da babu kowa, suna nishi, amma sun kai ka. Torsti ya zauna a kan bencin gaba shi kaɗai yana kallon takalminsa har aka fita.

Aulis, yau na karya alkawarin da na yi maka, kuma na karya shi a jaridar gari inda kowa zai gani. Ka yafe mini wannan kamar yadda ka yafe mini zaren. Ban san abin da za su ɗaga ranar sha uku ga wata ba. Suna da igiya, suna da rufi, za su iya samun wani tela. Amma daga yau duk wanda ya ɗaga kai ya ga huɗu a can sama ya san abin da yake kallo.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka taɓa nema wa kanka ba. Ya saka maka da alherin kowace hanya da ka share da kowane yaro da ka tsayar a kan ƙanƙara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Marjatta, Allah ya ba ta haƙuri, ya ƙara mata irin ƙarfin da ta nuna a coci. Ina yi wa 'ya'yanka uku da jikokinka shida ta'aziyya, Allah ya albarkaci bayanka. Ina yi wa abokanka biyar ta'aziyya, Allah ya ba kafaɗunsu lafiya.

Torsti Vainikka, kai ma ina yi maka ta'aziyya, kuma da gaske nake. Mutumin da ya rufa maka asiri shekara hamsin ya rasu.