Waken Goggo Zuwaira

Goggo Zuwaira, ƙanwar mahaifina, a unguwar Alhilla Kuku ta Khartum aka haife ta, a nan ta tsufa. Sana'arta niƙa gyaɗa, tana sayar wa masu gasa agashe, wato tsiren Sudan, ƙulin da suke barbaɗa wa nama. Mai gyaɗa a gida kuwa ba ta rabuwa da ɓera, shi ya sa ta san halinsu fiye da yadda ta san na surukanta.

Amma ba gyaɗar take tsaro ba. Akwai wani jan wake da kakanmu ya ƙullo a zani daga ƙasar Katsina, lokacin da ya taso aikin hajji a ƙafa, ya yada zango a Khartum bai ƙara gaba ba. Duk damina takan shuka shi a bayan ɗaki, ta ware iri, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka.

Da yaƙi ya ɓarke muka gudu Gadarif, aka bar tulun. Da muka dawo, ɓeraye sun gaje gidan. Sun ci katifa, sun ci sabulu, sun huda robar shinkafa. Tulun ne kawai ya gagare su. Goggo ta fasa lakar, ta ga wakenta lafiya, ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Ruwan farko ta shuka rabi. Da safe ramuka kawai ta tarar, an tone tsaf. Ta sake shuka wani, aka sake tonewa. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Ɗanta Tariq ya sayo guba a kasuwar Suk al-Arabi, yana ta cika baki. Ta ce ya mayar. Magunan unguwa sun fara dawowa, kuma duk kyanwar da ta ci mataccen ɓera ita ma ta tafi.

"Yumma, wake ne fa kawai," in ji shi.

"Kai ma wake ne kawai ya raine ka. Ɗauko shebur."

Ta sa shi ya kwashe ɓaraguzan katanga da tarin shara da ke bayan ɗakin. Duk ramin da suka gani, ta cusa fasasshiyar kwalba ta shafe da siminti. Tarkuna kuwa ta jera su a gindin bango da ƙuli a kai, amma ba ta ɗana ba, sai da ɓerayen suka saba cin banza. Ranar da ta ɗana, Tariq ya gaji da haƙa ramin binnewa. Wannan karon a gwangwanaye ta shuka, ta ɗora a kan teburin ƙarfe, sai da ya yi ganye ta dasa a ƙasa.

Waken ya yi. Da ta ɓare shi, na kawo mata toka da tulu kamar kullum. Sai ta ce in nemo tsummoki. Ta ƙulla ɗan kaɗan-kaɗan, ta aika wa 'yar'uwarta a Umdurman, da dangi a Gadarif, da duk gidan da aka buɗe a layinmu. Matar da ko mahaifina ba ta taɓa ɗebar wa irin nan ba.

Ƙulli na ƙarshe ni ta miƙa wa.

"Ki shuka a wani wuri," ta ce. "Gidan nan ba shi da tabbas."