Notin da Yaya Ya Ɗaure

Yayana mutum ne da bai yarda da bakanike ba. A wajensa duk mai sanye da rigar baƙin mai ɓarawo ne, don haka tsohuwar motar da ya saya a shekarun da wayar salula ta shigo Azare, a ƙofar gidanmu take shan gyara, a ƙarƙashin dalbejiya. Ni ne mai miƙo sifana, duk da ina da mata da 'ya'ya. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wa magana, ko da kuwa yana ganin gini zai faɗo masa.

Wata Asabar da safe aka bugo daga Gamawa cewa jikin Kawu ya yi tsanani, yana ta kiran Inna. Shi kaɗai ya rage mata a cikin 'yan ɗakinsu. Kafin mu gama karyawa ta yi wanka, ta yafa mayafi, ta fito zaure da ƙullin kayanta ta zauna. Na ce bari in kai ta tasha.

Yaya ya ce, "Tasha? Ina da mota a ƙofar gida uwata ta shiga motar haya, a matse ta da buhunan gero? Bari kawai in sauya fatun birki, yanzun nan."

Yanzun nan! Har yau in na ji wannan kalma raina ɓaci yake.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse fatun idan an taka birki. Sauya fatun bai ba shi wuya ba. Wajen mayarwa ne halinsa ya motsa. Yaya ya taso yana ɗaure garmar shanu da injin ban ruwa, a ganinsa noti bai ɗauru ba sai ya yi kuka. Ya ɗaure da sifana, bai gamsu ba, ya zura mata bututun ƙarfe, ya ɗora ƙafa ya danna da nauyinsa duka.

Na ce, "Yaya, anya..."

"Riƙe min tayar nan, malam."

Sai notin ya saki, ya shiga juyawa sakayau. Da ya zaro shi, haƙoran ramin da yake kamawa suka biyo shi, sun zama gari. Innalillahi! Wai kuma Yaya ya dube ni ya ce ƙarfen zamani ba shi da ƙwari.

Na sake kawo maganar tasha, ya yi kamar bai ji ba. Ya naɗa wa notin siririyar waya, ta tsinke. Ya yanko gwangwanin madara ya cusa, ya fito. Rana ta take, Inna tana zaure tana ta jan carbi. Sau ɗaya ta leƙo ta ce, "Babba, ko in tafi?" Ya ce, "Haba Inna, an gama fa."

Bayan azahar ya haƙura ya ce in kai kalifar gareji, amma kada in ce daga gidanmu take. Na hau acaɓa da ita a cinya, mai yana ɗiga a wandona. Mai injin huda ƙarfe ya duba ya ce aikin ba wuya, za a faɗaɗa ramin a yanka sababbin haƙora a sa noti mafi kauri, sai dai babu wuta. Muka zauna jiran maƙwabcinsa mai walda ya tada janareta. Ina zaune ina cizon yatsa, haushi kamar in fashe. Motocin Gamawa suna wucewa ta gabana, cike da mutane, kowa yana tafiyarsa.

Sai bayan la'asar muka kama hanya. Da muka isa, Kawu yana da rai, amma bakinsa ya rufe. Matarsa ta ce har azahar yana tambaya ko Inna ta iso, duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai. Inna ta zauna ta riƙe hannunsa, tana yi masa magana da Fulatanci irin na yarintarsu. Idonsa a buɗe, amma bai san wace ce ba. Washegari ya rasu.

Ranar da muka je ɗauko ta bayan sadakar bakwai, a hanyar dawowa muna gab da shiga Azare awaki suka tsallaka titi, Yaya ya taka birki motar ta tsaya cak. Wallahi sai da ya juyo, fuskarsa a sake, ya ce, "Kun ji yadda yake kamawa?"

Inna ba ta taɓa yi masa faɗa a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Amma daga ranar har ta bar duniya ba ta ƙara shiga motar nan ba. In tafiya ta kama ta, sai ta ɗauki ƙullinta ta wuce ta gaban motar, ta gaban Yaya, ta ce da ni, "Taso ka raka ni tasha."