Mun Je Zariya Neman Kwangilar Tebura

Mun tashi da asuba daga gida, ni da dattijon da yake yanko mini katako a dajin Arikya. Shi ya ɗauki kujera a ka, ni kuma guntun saman tebur na maɗaci naɗe cikin tabarma. Samfur ke nan. Sanarwa aka manna a ofishin En'e, wai sabuwar kwaleji a Zariya tana neman masu kawo kayan ɗakin gwajin kimiyya, mai so ya je ya jefa tanda, wato takardar neman kwangila. Tun faɗuwar damina aiki ya tsaya a shagona, kafintocina suna zaune, kowa da iyali. Na ce ko tebura da kujeru muka samu, mun tsira.

Jirgin ƙasan da ya taso daga Makurɗi bai iso Lafiya ba sai da hantsi, cike da doya da garwanin manja. Wurin zama babu. Dattijo ya dire kujerarmu a bakin ƙofa ya hau abinsa, har wani falke ya taya ta sule biyu. A Gudi muka sayi dafaffiyar masara, kwabo ɗaya goyo biyu. Daga nan duwatsu suka fara, ga gonaki kore shar. A Kafanchan sanyi ya kama mu, muka ci tuwon acca da miyar karkashi.

Washegari muka sauka Zariya, wata lori ta kai mu kwalejin, can bayan gari. Mun tarar da wakilan manyan kamfanoni na Ikko da Kano, kowa da kwat da jaka. Akawu ya duba takardarmu, ya dube mu.

"Malam, ba a raba kwangilar nan. Wanda ya ci, shi zai kawo kwalabe da ma'auni da madubin gwaji daga Ingila, har da teburan. Kuma sai banki ya tsaya masa."

Ba mu da banki. Duk da haka na jefa takardar a akwati, don kada a ce mun zo mun koma da ita.

Muna tsaye jiki a sanyaye, sai wani malamin kwalejin, Bayarabe mai furfura, ya shafa katakon ya yaba. Ya ce mu zo mu ga ɗakin da za a jera teburan. A can ya ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin gwaji mai girmama ƙananan abubuwa, ya ce in leƙa.

Na leƙa. Ruwan da idona ya gani fari tas, ashe gari guda ne. Wasu abubuwa suna iyo, wasu suna mutsu-mutsu.

Na ce, "Malam, kowane ruwa haka yake?"

Ya ce, "Rafi, kududdufi, har rijiyar da ba murfi. Wasu ba sa cutarwa. Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan ƙanƙanta, su ke kawo gudawar da ke ɗauke yara. A tafasa ruwa, su mutu."

Bara war haka gudawa ta ɗauke 'yata, ba ta kai shekara uku ba. An ce iska, an ce sammu. Ruwan rafi muke sha, kuma da shi muka yi ta jiƙa mata magani.

Dattijo ya daɗe da ido a kan madubin. Da ya ɗago sai ya ce, "Maigida, yaro uku ni na binne. Ba wanda ya gaya mini."

Aka buɗe akwati a gaban kowa, aka karanta sunaye. Wani kamfanin Ikko ya ci. Ban ji ko ɗar ba, hankalina yana wani wuri.

Muka kama hanyar dawowa. A Kaduna wata mata ta miƙo mini ruwa a ƙwarya, na gode mata, na nemi mai shayi.

Da la'asar sakaliya muka iso Lafiya. Kafintocina suna jira a tasha, na gaya musu gaskiya, ba aiki. Na koyi cewa kafin mutum ya hau jirgi neman kwangilar gwamnati, ya tambayi sharaɗi tukuna, kuma ƙaramin mai sana'a shi kaɗai ba ya kai labari a wurin nan. Wannan darasin kuɗin jirgi kawai ya ci mini. Ɗayan kuwa na same shi bayan an riga an biya shi da tsada.

Da na shiga gida na zaunar da mai ɗakina, na faɗa mata abin da na gani. Ƙaramin ɗanmu ya rarrafo wajen randa yana neman ruwa. Ta tashi ta ɗauke moɗar, ta goya shi, ta hura wuta.