Ciwon Ƙafa da Kalmar Myself

Shekarar da aka fara haƙa manyan hanyoyin ruwa daga Bakolori zuwa fadamun Bakura, ni lebura ne mai shebur. Na bar makaranta tun ina firamare na koma gona tare da Baba, don haka Turancin da ke bakina bai wuce na gaisuwa da 'yan tsince-tsince ba. Duk da haka ina ji da shi, domin a ayarinmu ni ake turawa in an rasa tafinta.

Wata safiya shebur ya kuɓuce mini ya sare ni a ƙafa. Na ɗaure wurin da tsumma, na zura takalmin roba, na ɗingisa zuwa ƙaramin asibitin sansanin ma'aikata. Nas ɗin Baturiya ce, dattijuwa, ba ta jin Hausa. Ta tambaye ni abin da ya faru. A zuciyata maganar a shirye take: na ji wa kaina ciwo. Sai na juya ta kalma bayan kalma, na ce, "I wound my head."

Ta zaunar da ni, ta cire mini hula, ta shiga laluben kaina, ta duba ƙeya da bayan kunne. Ba ta ga komai ba. Ta ɗauko tocila ta haska mini ido. Ni kuwa ina zaune jini yana taruwa a takalmi, na rasa abin da ya haɗa ta da kaina. Sai da wani mai shara ya ga jini a ƙasa ya nuna mata. Ta girgiza kai ta ce, "You hurt yourself," ta wanke wurin ta ɗinke.

Kafin azahar labari ya zagaye wurin aiki. Dariyar abokai ba ta dame ni kamar maganar helumanmu ba, wato shugaban leburori. Ya ce za a ɗauki samari su koyi aikin katafila, kuma da ya yi niyyar kai ni.

"Amma wanda bai san kai da ƙafa ba a Turanci, ina shi ina zama da injiniya? Riƙe shebur ɗinka."

Yayata tana koyarwa a wata firamare a Talata Mafara, can take aure. Da ƙafar ta yi sauƙi na ari keke ran Lahadi, ranar da ba mu aiki, na tafi. Na tarar da ita tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane, sannan ta ajiye faifan.

"Auta, ba laifinka ba ne. Mu kai muke cewa, su ba su cewa kai. Ɗauko mini madubin can."

Na ɗauko. Ta ce in duba.

"Mi ka gani?"

"Kaina, Yaya."

"Kai kawai, ko har da wuya da kafaɗa?"

"Duka."

"To ka ce I see myself. Duk aikin da kai ka yi shi, kuma a kanka ya sauka, myself za ka ce."

Na maimaita har miyar gidan ta nuna. Daga nan kowace Lahadi ina hanya. Ta koya mini cewa kalmar tana wani aikin kuma, na ƙarfafa magana. In na ce I cooked it myself, ina nufin ni da kaina na dafa, ba aike na yi ba. In kuma na sa by a gabanta, ta zama ni kaɗai, babu mataimaki. Waɗannan biyun sun daɗe suna rikita ni. A kan keke nake bitarsu, da ƙarfi, ina wuce gonakin albasa. A cikin rami ma, duk shebur ɗaya jimla ɗaya, har wani dattijo da muke haƙa tare ya ɗauka wuridi nake yi, ya daina yi mini magana in ya ga bakina yana motsi.

Akwai wani matashin akawu ɗan Maradun da ya so ya taimake ni. Ya ce manya ba su cewa I, ƙanƙanta ce. In na je gaban injiniya in ce, "Myself want machine work," zai san na waye. Maganar ta yi mini daɗi a kunne, na kai wa Yaya ita da murna. Ba ta yi dariya ba wannan karon.

"Kada in ƙara jin wannan a bakinka. Myself ba ta shiga gaba. Sai I ta fara shigowa, sannan ta biyo ta. Ka faɗi ƙaramar magana daidai, ya fi maka babba a karkace."

Ranar zaɓen samarin, heluma bai kira ni ba. Na jingine shebur na bi su duk da haka, na tsaya a baya. Injiniyan yana zaune a inuwar katafila da tafintansa. Da aka gama da kowa na matso. Tafintan ya ce, "Kai kuma fa? Faɗa mini in faɗa masa."

Na dubi injiniyan na ce, "Sir, I want to speak for myself."

Ya ɗago. Ya tambaye ni a hankali ko na iya karatu. Na ce kaɗan, "I am teaching myself, and my sister helps me." Ya ƙara wasu tambayoyi. Ɗaya ban gane ba, na ce ya maimaita, ya maimaita. Daga ƙarshe ya nuna mini wani direba mutumin kudu, ya ce in bi shi.

Ba tuƙi aka ba ni ba. Giris nake sa wa inji, in wanke matatar iska, in kankare laka daga sarƙar ƙafar katafila. Sai da damina ta wuce direban ya bar ni na hau kujera, kuma filin farko da na baje ya fito a karkace, ya sa na sake shi tun daga farko.

A wannan shekarar aka mayar da Yaya wata makaranta a Maradun. Hanyar ta fi nisa, ga yashi da ke kama tayar keke. Lahadin da ta biyo bayan tashinsu na yi sammako, na tambayi gidan a bakin kasuwa, na same ta ba ta ma gama kwance kaya ba. Ta miƙo mini tsintsiya, ta ce in share ɗakin tukuna, sannan mu zauna.