Magagi Ortakis da Turaren Yaya Kubura

Magagi ya rasu bara, bayan an gama yankan hatsi. A wurin zaman makoki na ji dattawa na cewa garinmu Filinge ya yi rashin mutum mai sanin duniya. Ban ce komai ba a ranar, don ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Yanzu ta bushe.

Ɗan garin Sanam ne, ɗan masu kiwo, amma tun yana saurayi ya ƙi bin shanu. A shekarar da soja suka karɓi mulki ya shiga mota ya nufi Yamai, wani ɗan garinsu ya samo masa aikin shara a filin jirgi. Shekara tara yana goge daɓe da madubai a wani kanti da ke can ciki, bayan shingen jandarma, inda ake sayar wa matafiya turare da agogo da tabarau ba tare da kuɗin duwan ba, wato harajin kwastan. Da Faransanci ana ce wa irin wannan kanti ortakis, kuma sunan da ya bi shi har kabari ke nan.

Bai taɓa hawa jirgi ba. Kunne ya kasa, ya kuma tsinci takardun talla da matafiya ke yarwa a kwandon shara. Da haka ya haddace cewa kwalba guda ta turare kuɗinta daban a filin jirgin Paris, daban a Abijan, daban a Jidda, kuma kantin Yamai ya fi su duka tsada. Ya haddace wannan fiye da yadda ya haddace surorin salla. Da ya dawo gida, shi ya ce gajiya ya yi da birni. Waɗansu suka ce kwalaben da ake ajiye wa masu saye su shaƙa ne suka riƙa ƙarewa da wuri.

Ya kafa tebur a gindin gawon da ke bakin tasha. Ba kaya da yawa a kai, hanci da baki su ne jarinsa. Duk wanda aka kawo wa tsaraba daga Makka ko daga bakin teku, sai ya kai wa Magagi ya ji darajarta. Mutanenmu suna son a faɗa musu cewa an kashe kuɗi dominsu. Shi kuwa zai ɗauki abin da yatsa biyu, ya juya shi, ya taɓe baki, ya ce, "Wanga a Jidda kyauta aka ba da shi in ka sayi biyu." Kana tsaye za ka ga fuskar mai tsaraba ta faɗi. Idan ta gama faɗuwa sai ya taya da arha, wai don taimako. Kafin mako ya zagayo abin yana wuyan hannun wani ma'aikaci ko a ɗakin matarsa, da kuɗi ninki huɗu.

Na ga ya yi wa surukai, ya yi wa aminai, ban damu ba, har dariya nakan yi. Sai da ya zo kan yayata.

Yaya Kubura mai man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta na fari, Kailu, ya kai jami'a a Yamai. Da ɗalibai suka yi yajin da aka kama da yawa cikinsu, sunansa ya shiga takardar waɗanda ake nema, ya tsallake iyaka da ƙafa ya ɓulla Abijan. Kamar kowace uwa a ƙasarmu ta Kurfai, ba ta kama sunan ɗan fari. "Wancan yaro" take cewa, kuma idan ta faɗa muryarta takan yi laushi kamar ƙasar fadamar dallol bayan ruwan farko. Shekara uku ba ta sa shi a ido ba. Wasiƙu biyu kawai suka zo, an buɗe su a hanya an sake liƙewa. Ni nake karanta mata, da yake ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a lokacin.

Wata rana direban motar Yamai ya miƙo mata ƙunshi, ya ce wata mata ce ta ba shi, wai daga ɗanta. Turare ne a koren kwali mai zanen zinariya. Ba ta ɓare ledar ba. Ta naɗe shi a ɗankwali ta sa cikin kwalla, duk wadda ta shigo sayen mai sai an wanke hannu an nuna mata. Matan unguwa suka dame ta da ta kai wa Magagi. Ta yi kwana goma tana ƙi, a ranar kasuwa ta ce in raka ta.

Magagi ya karɓa, ya juya kwalin, ya ga wata ƴar farar takarda liƙe a gindinsa. Ya yi murmushi, ya jira har mutane suka matso.

"Iya, wa ya ce miki daga Abijan wanga ya hito?"

"Can yake," in ji ta.

"Can shike, to. Wanga turare a hilin jirgin Abijan jikka sha huɗu na. Paris sha biyu. Wagga takarda kuwa tamu ta, ta Yamai, jikka sha takwas. Da hannuna na liƙa dubu irinta." Ya juyo gare ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal. "Mushe, kai da ka iya boko, karanta mata kwanan wata."

Na karanta. Wata guda ke nan da ya wuce.

"Kuma ba a sai ma kowa a kantin nan sai mai biye, takardar shiga jirgi, a hannu," in ji Magagi. "Ɗanki ya zo Yamai, Iya. Ya ci abinci, ya sha ruwa, ya gaida wanda ya so. Tahiyar wuni guda tsakaninku. Mai niyyar tsaraba tun can shika saye inda ta hi arha. Wanda ya saya da tsada a ƙohwar jirgi, sai da ya ɗaga ƙahwa zai tahi ya tuna akwai wata tsohuwa."

Wani mai sayar da goro ya yi dariya, sauran suka dubi ƙasa. Yaya ta gyara mayafinta, ta ce, "Nawa za ka saya?"

"Don ke ta, jikka biyar."

Ta karɓa ba ta duba ba. A kan hanyar gida ta zuba kuɗin a ƙoƙon wani makaho da ke zaune a ƙofar masallaci. Ni ina biye da ita, ban buɗe baki ba, domin ni ma na yarda, ni ma ina jin haushin yaron. Wannan rabon laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa Magagi shi ba.

Da maraice maƙwabciya ta leƙo ta tambayi turaren. Yaya tana matsar mai, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kailu ya zo Yamai ya koma." Haka ta kama sunan sarai, kamar sunan wani baƙo da ya ci bashin gaisuwa ya wuce. Daga ranar ba ta ƙara cewa "wancan yaro" ba. Wasiƙa ta zo daga Faransa, ta ce in karanta wa kaina. Na karanta, gaisuwa ce da labarin sanyi, ba maganar Yamai ko kaɗan. Na ɗauka rashin kunya ne. Ban yi tunanin cewa mai rubutu ya san jandarma za su riga mu karantawa ba.

Turaren ya koma ɗakin matar wani babban ma'aikaci. Kowa ya sani, domin idan ta wuce kasuwa sai ƙamshin ya tsaya a rumfar Yaya ya daɗe bai tafi ba.

Yaya ta rasu a damina ta biyar bayan wannan, ina zaune kusa da kanta. Shekara biyu bayan haka soja suka sassauta, aka yi babban taron ƙasa, waɗanda suka gudu suka fara dawowa. Kailu ya sauka a tasha da furfura a gemu. Bayan mun dawo daga kabari na tambaye shi abin da na shekara bakwai ina haɗiyewa.

Ya dube ni kamar bai gane ba, sannan ya ce, "Kawu, ai ban shiga Yamai ba. Jirgin Abijan zuwa Paris ne ya sauka shan mai, minti hamsin. Aka ce mai so ya sauka ya miƙe ƙafa a zauren jira, ba a fita waje. Abokina ya riƙe mini riga ya ce kada in sauka, jandarma biyu ne a bakin ƙofa. Na ce sai na taka ƙasar. Na tsaya a taga ina duban gefen da hanyar Baleyara, hanyar gida, take. Na ji wata mai shara tana magana da harshen Kurfai, na shiga kantin na ba da kusan duk abin da ke aljihuna na sayi turaren, na sa mata shi a bokiti don ta aika gida. Kwana uku na yi a Paris burodi kaɗai nake ci."

Ban iya zama ba. Na ja shi muka tafi gindin gawo. Magagi na nan, ya yi ƙiba, ya ƙara tebur na biyu.

"Magagi, masu wucewa, waɗanda ba su hita hilin jirgi ba, suna saye a kantinku?"

"Su ne ma manyan masu saye, Mushe. Talata da Juma'a ba mu hutawa."

"Ka san haka ranar da yayata ta zo?"

"Kowa ya sani." Ya ɓare goro ya jefa a baki. "Kuɗi ta tambaye ni, na hwaɗi kuɗi. Ka ji ƙarya cikin abin da na ce? Sha takwas na, ko ba haka ka saya ba, ɗana?"

Kailu ya ce haka ne.

"To ka ji. An cuce ka da jikka shida. Da ka yi haƙuri ka kai Paris."

Na yi waƙoƙi da yawa a rayuwata, na zagi fari, na zagi fara, na zagi masu ɓoye hatsi. A ranar na nemi kalma guda da zan jefi mutumin nan da ita, ban samu wadda ta kai nauyinsa ba. Ya ƙara shekara talatin a gindin gawon. Kuɗin sefa ya karye, farashi ya ninka, salula ta zo kowa na iya duba kuɗin kaya da kansa, amma bai rasa masu kawo masa tsaraba ba, bai kuma rasa abin da zai ce ya ɓata ta ba. Ya je Makka sau biyu ta jirgi a ƙarshe, ya dawo da dabino kawai.

A hanyarmu ta komawa gida ranar, Kailu ya tsaya a inuwar katangar lakwal ya ce, "Kawu, kana wurin da ta cika. Me ta ce a kaina?"

Abin da ya faru shi ne na sunkuya na ce mata, "Yaya, ki yafe wa yaron nan." Ta daɗe tana numfashi, sannan ta ce, "Nonon da ya sha na yafe mishi. Yamai ban yafe ba."

Na dubi Kailu. Na ce, "Ta ce nonon da ka sha ta yafe maka."

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Shi ke nan," na ce, na wuce gaba don kada ya ga idona.